Naman talotalo, bakwainiyata, da shekara biyu a hannun lauyoyi

Kwana tara da haihuwa, ina zaune a gefen kwalbar da aka sa 'yata, wayata ta yi ƙara. Wata mata ce daga ma'aikatar lafiya ta birnin New York. Ta yi mini sannu da jiki, sannan ta ce tana da tambayoyi a kan duk abin da na ci a mako huɗun da suka gabaci kwanciyata. Saura kaɗan in kashe wayar. Ga jaririya da ba ta kai kilo biyu ba, an manna mata wayoyi a ƙirji, an sa mata robar abinci ta hanci, wata kuma tana tambayata ko na sha madarar da ba a dafa ba, ko na ci cuku mai laushi, ko yankakkiyar kankana, ko kyafaffen kifi. Na yi ta cewa a'a. Da ta zo kan naman sanyi da ake yanka wa mutum a kanti, sai bakina ya mutu.

A unguwar Bronx muke zaune. Maigidana tasi yake ja, ni kuma aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, kamar yawancin matanmu na Afirka ta Yamma a nan. Tsohuwar da nake wa aiki a lokacin, akwai wani babban kanti a ƙasan layinsu, a cikinsa akwai ɓangaren da suke kira deli. Dafaffen nama ne jere a cikin gilashi mai sanyi, dunƙule-dunƙule, ka nuna wanda kake so, a ɗora shi a inji a yanka maka falle-falle kamar takarda, a auna a naɗe. Da cikina ya shiga wata biyar, ba abin da raina ke so irin naman talotalo na wurin, a cikin burodi da ɗan yaji. Sau biyu a mako nake saye. Ban taɓa ɗumama shi ba, don dafaffe ne, kuma sanyin nasa ne ma yake mini daɗi. Duk wadda ta taɓa ciki ta san kwaɗayin nan ba ya jin magana.

A mako na 32 zazzaɓi ya rufe ni, da ciwon gaɓoɓi da na baya. Da a Kano nake da na ce maleriya ce. Na sha farasitamol na lallaɓa kwana biyu. A rana ta uku na farka na ji cikin shiru, babu motsi. Muna isa asibiti ba a ɓata lokaci ba aka shiga da ni tiyata. An ɗebi jinina, an ɗebi na jaririya, an tura mabiyiya ɗakin gwaji, aka kuma soki bayanta aka ɗebo ruwan laka. Bayan kwana biyu likita ya zo da sunan da ban taɓa ji ba a duniya: listeriya. Ta shiga jinina, ta ratsa mabiyiya, ta kama yarinyar har ta zama sanƙarau. Kwana 21 ana yi mata ƙarin ruwa da ampisilin, a kwanakin farko an haɗa da jentamisin. A asibiti aka raɗa mata suna Safiyya, babu taro, babu kunun kanwa, sai dabino da maigidana, Abban Hanif, ya kai masallaci. Mako shida ta yi kafin a sallame ta, kuma a gwajin ji na ranar sallama kunnenta na hagu bai amsa ba.

Likitan nan mutum ne mai haƙurin bayani. Shi ya gaya mini cewa wannan ƙwayar cuta ta bambanta da sauran da ke ɓata abinci, domin sanyin firji ba ya tsayar da ita, a ciki ma take hayayyafa a hankali. Nama ba ya wari, ba ya sauya launi, ba ya yauƙi, amma tana nan. Tana maƙalewa a injin yanka, a magudanar ruwa, a lungun da soso ba ya kaiwa, ta yi wata da watanni. A cikin nama wuta ce ke kashe ta, sai naman ya yi zafin da yake tururi, digiri 74 a ma'aunin Salsiyos, ko 165 a irin nasu na Amurka. Lafiyayyen saurayi zai ci ya tashi da ɗan gudawa ko ma babu komai. Masu ciki, da jarirai, da tsofaffi, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, su take kayarwa, kuma mai ciki ta fi sauran mutane haɗarin kamuwa kusan sau goma. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne jinkirinta. Ana iya cin abu yau, ciwo ya taso bayan mako uku ko huɗu, wani lokaci har wata biyu. Wa zai tuna abin da ya ci wata biyu da suka wuce? Shi ya sa matar ma'aikatar lafiya ta nace, kuma shi ya sa daga baya lauyana ya ce wannan wayar da na kusa kashewa ita ce ginshiƙin ƙarata.

Ban san cewa ba a zubar da ƙwayar da aka samu a jinina ba. Doka ta wajabta wa asibiti ya sanar da hukuma duk wanda aka samu da listeriya, ya kuma aika samfurin ƙwayar ɗakin gwajin gwamnati. Can suke karanta tsarin halittarta gaba ɗaya, su sa a wata ma'adanar bayanai ta ƙasa mai suna PulseNet, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke kula da ita. In an samu mutum biyu ko uku da ƙwaya iri ɗaya sak, an san daga rijiya ɗaya suka sha. Kimanin wata biyu da sallamarmu matar ta sake kira. Ta ce ƙwayar tawa ta dace da ta wasu mutane, kuma duk mun ambaci kanti ɗaya. Masu duba abinci na jiha sun je sun goge injinan yanka da ƙasan wurin da auduga sun gwada, an rufe ɓangaren naman na ɗan lokaci. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce in kai ƙara ba, ba ta ce kada in kai ba.

A gida aka yi rigimar farko, tun kafin lauya ya shigo cikin maganar. Anti Rabi, maƙwabciyarmu 'yar zangon Kumasi da ta shekara ashirin a ƙasar nan, ita ta fara cewa, “Maman Hanif, wannan maganar lauya ce. Na'urar kunnen nan kin san nawa take? Kuma ba sau ɗaya za a saya ba.” Abban Hanif bai so ba ko kaɗan. Ya ce, “Allah Ya ba mu ita da rai, me kuma muke nema? Mu baƙi ne a ƙasar mutane, kada mu jawo wa kanmu ido.” Takardunmu a kammale suke, amma tsoron hukuma ba ya fita daga jikin baƙo. Da Hajiya, mahaifiyarsa, ta ji a waya, cewa ta yi, “'Yar nan, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Ƙaddara ce, a bar wa Allah.” Ba wannan ce ta fi yi mini ciwo ba. Wata ce a wurin barka ta ce, cikin murya ƙasa-ƙasa amma don in ji, “Me ma ya kai mutum cin naman da bai san yankansa ba, a injin da ake yanka alade?” Ta faɗi abin da ni ma nake faɗa wa kaina kullum da dare. Talotalon an rubuta halal a jikin ledarsa, na gani da idona, amma inji ɗaya ne, wannan gaskiya ne, kuma ban taɓa tambaya ba.

Limamin masallacinmu ne ya raba gardamar. Tare muka je. Abban Hanif ya ce, “Allah gafarta Malam, neman diyya a kan abin da Allah Ya ƙaddara ba rashin tawakkali ba ne?” Malam ya yi murmushi ya ce ai kisan kuskure ma ƙaddara ce, amma Allah da kanSa Ya sanya masa diyya a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi har da ji da gani. Ya ce yafiya alheri ce, amma mutum hakkinsa yake yafewa, ba hakkin jaririyar da aka ba shi amana ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada mu ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru. A lokacin na ɗauki sharaɗin da sauƙi.

Lauyan farko da muka gani irin masu talla a jikin bas ne, aikinsa haɗarin mota. Ya yi mana adalci ya ce wannan ba fanninsa ba ne, ya tura mu wurin wani da ya saba da ƙarar gurɓataccen abinci. Shawarata ga duk wanda abin ya sama ita ce ya tambayi lauya kai tsaye: ka taɓa yin shari'ar listeriya? Domin tambayar farko da na biyun ya yi mini ba “yaya jiki” ba ce. Cewa ya yi, an samu ƙwayar a jini ko a ruwan laka, kuma hukuma ta karanta tsarinta? Na ce e. Ya ce to akwai magana. Ya ce mutane da yawa suna zuwa da labarin gaskiya, sun ci abu sun kwanta, amma ba a yi gwajin ba, ko an ba su magani kafin a ɗebi jini, sai ya zama ba abin riƙewa.

Ya zayyana mana yadda abin yake. Ba za mu biya ko sisi a gaba ba. In an samu kuɗi ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, a kuma cire abin da aka kashe wajen ƙwararru da takardu. In an faɗi, ba ya bin mu kuɗin aikinsa. Ƙara biyu ce a cikin ɗaya: tawa, ta ciwon da na sha da tiyata da watannin da ban yi aiki ba, da ta Safiyya, wadda ni zan tsaya mata a matsayin uwa. Tawa tana da wa'adin shekara uku a dokar jihar New York, in ya wuce ta mutu. Ta yarinya kuwa lissafin ba ya farawa sai ta cika 18, amma ya ce jira wauta ce, don shaida ruɓewa take kamar nama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce ba lallai sai mun nuna masu kantin sun yi ganganci ba. Wanda ya sayar da abincin da aka yi don a ci yadda yake, in ya fita daga hannunsa da cuta, alhaki na kansa, ko da ya rantse yana wanke inji sau goma a rana. Abu biyu za mu tabbatar: naman daga wurinsu ya fito, kuma shi ya kwantar da ni.

Nan aka shiga farautar takarda. Rasit ko ɗaya ban ajiye ba, wa ke ajiye rasit ɗin burodi da nama? Amma da katin banki nake biya, kuma duk sayayya sai na ba da lambar wayata don samun rangwame. Wannan lambar da nake bayarwa don ragin 'yan santi ita ta fito da komai. Da lauya ya tilasta musu suka miƙa bayanan, sai ga jerin ranaku, da awa, da nauyin naman, sau tara a cikin mako biyar na ƙarshe. Na sa hannu a takardun izinin karɓo bayanan asibiti har hannuna ya gaji, na asibitin haihuwa, na awo, na likitan yara, na masu gwajin ji, har na haihuwar Hanif shekara shida baya. Lauya ya rubuta wa hukumomi a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, ya nemi rahoton masu duba kantin da sakamakon gwajin. Wannan kaɗai ya ci wata biyar. Da ya zo, ya nuna an samu ƙwayar a injin yanka ɗaya da magudanar ƙasa, kuma tsarinta ya dace da na jinina.

A farkon 2024 aka shigar da ƙarar a babbar kotun Bronx da ke kan titin Grand Concourse, kusa da filin wasan Yankee. Sunanta kotun ƙoli, sai na zaci mun tsallake kowa mun je ƙarshe, ashe a jihar nan kotun matakin farko ce ake kira haka. Mun haɗa da kantin da kamfanin da ya sarrafa naman. Kowannensu ya kawo amsa ya musanta komai, kowa kuma ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Kanti ya ce da cutarsa naman ya zo, kamfani ya ce lafiya lau ya fita daga masana'anta, injin kanti ne ƙazami.

Daga nan sai shiru. Wata uku, wata huɗu, ba labari. Nakan kira ofishin, yarinyar da ke ɗaukar waya ta ce ana musayar takardu. Safiyya ta fara zama, ta fara rarrafe, aka sa mata na'urar ji, malamar koyon magana ta shirin tallafa wa ƙananan yara tana zuwa gida sau ɗaya a mako. A cikin wannan jiran ne, a watan Yulin 2024, labarin listeriya a naman Boar's Head, wani babban kamfanin naman sanyi, ya cika talabijin. Ba shi ne namu ba, ba mu da alaƙa da shi, amma na bi shi kamar na dangi. Wani nau'in tsiran hanta da ake yi a masana'antarsu ta garin Jarratt a jihar Virginia ne tushen, aka janye nama mai nauyin fiye da fam miliyan 7 daga kasuwa, mutum 61 suka kamu a jihohi 19, goma suka mutu, a watan Satumba aka rufe masana'antar. Daga ranar ba wanda ya sake tambayata mece ce listeriya. Hajiya ma da aka ba ta labari ta ce, “Ashe abin da gaske ne.” Na kuma je na karanta na Afirka ta Kudu, na 2017 zuwa 2018, wanda ya fi kowanne muni: fiye da mutum 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, da yawansu jarirai sababbin haihuwa. A watan Maris na 2018 ministan lafiyarsu ya sanar cewa an gano tushen a naman poloni, wani irin tsiran nama, na wata masana'antar kamfanin Tiger Brands da ke Polokwane. Su ƙarar taron dangi suka shigar, kotu ta amince da ita a ƙarshen 2018, aka yi shekaru ana jan ta. Na tambayi lauyana me ya sa mu ba mu haɗu da sauran waɗanda suka kamu a kantinmu ba. Ya ce a nan ƙarar taro ta fi dacewa da masu neman a mayar musu da kuɗin naman da suka saya. Wanda ya ji rauni mai tsanani gara ya tsaya da ƙafarsa, don ciwon kowa daban, kuma kunnen Safiyya ba a raba shi da kowa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar amsa tambayoyi a ƙarƙashin rantsuwa. Ba a kotu ake yi ba, a ɗakin taro na ofishin lauyoyi ne, babu alƙali. Ga lauyan kanti, ga na kamfani, ga nawa a gefena, ga wata mata da ƙaramin inji tana buga duk abin da aka furta, har “uhm”. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma lauyana ya ce in nemi tafinta, don kalma ɗaya in ta karkace za a riƙe ta har ƙarshe. Aka kawo wani bawan Allah mutumin Maraɗi. Mun fahimci juna sarai, sai dai da ya ce “firigo” na ɗan tsaya kafin in gane firji yake nufi, muka yi dariya, aka rubuta har dariyar. Kwana biyu kafin nan lauya ya horar da ni: ki amsa abin da aka tambaya kawai, kada ki yi hasashe, in ba ki tuna ba ki ce ban tuna ba, kada ki cika shiru da surutu. Wannan na ƙarshe ya fi wuya ga Bahaushiya, mu da muka saba a tambaye mu hanya mu ba da tarihin unguwa.

Kusan awa shida aka yi. Sun tambayi firjin gidana, yaushe na wanke shi, me ke ciki. Sun tambayi ko ina shan nono ko fura da aka kawo daga gida, ko wani ya zo mana da kilishi ko wara daga Afirka, ko na ci abinci a wurin biki ko suna a watannin nan. Na gane inda suka dosa, so suke a ce daga abincinmu na gargajiya na ɗauko. Wannan bai dame ni ba, ƙwayar da ke injinsu ta riga ta ba da amsa. Can bayan hutun azahar lauyan kantin, wata mata mai sanyin murya, ta zaro takarda daga fayil ɗin awona ta tura mini. Ta ce na gane wannan sa hannun? Nawa ne. Takarda ce da ke cewa an ba ni ƙunshin bayanan masu ciki a zuwana na farko. Ta zaro wata, shafi ɗaya daga cikin ƙunshin, jerin abincin da mai ciki za ta guje wa. Layi na uku: naman deli, sai in an ɗumama shi har ya yi tururi. Ta ce, an ba ki wannan?

Ɗakin ya yi tsit. Ina iya cewa ban tuna ba, kuma ba wanda zai kama ni, ai shekara biyu ke nan. Amma na tuna. Na tuna jakar, shuɗiya ce, na tuna na sa ta a saman firji, firjin dai, ban buɗe ba, don ciki na biyu ne kuma a ganina na san komai. In kunne ya ji jiki ya tsira, in ji mutanenmu, ni kuwa ban bari ya ji ba, sai ga shi kunnen wata ne ya biya. Maganar Malam ta faɗo mini. Na ce, an ba ni, ban karanta ba. Tafinta ya juya, matar ta buga, ni kuma na nemi izini na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar tiyata.

A mota na ce wa lauyana na kashe ƙarar ko? Ya ce a'a. A dokar New York, in an ga mai ƙara yana da nasa kason laifi, ba a korar ƙararsa, rage masa ake yi gwargwadon kason. Wannan zai iya taɓa tawa diyyar. Amma ta Safiyya, doka ta ce ba a ɗora wa yaro sakacin iyayensa. Ya ƙara da cewa kanti bai rataye allo ya ce masu ciki kada su saya ba, da cikina ƙato suka yi ta yanka mini suna karɓar kuɗi. Kuma da na yi ƙarya aka gano, da komai nawa ya zube, har gaskiyar. Shari'a saɓanin hankali: abin da na shekara biyu ina azabtar da kaina da shi, su a wurinsu lissafin kashi kaza cikin ɗari ne.

Bayan wannan suka tura Safiyya wurin likitansu ya duba ta, minti ashirin. Rahotonsa ya ce raunin jin yana iya zama daga bakwaintaka ko daga maganin jentamisin. Likitan da lauyanmu ya ɗauka ya amsa da cewa to me ya jawo bakwaintakar, me kuma ya sa aka ba ta maganin? Wata ƙwararriya ta zauna ta lissafa abin da yarinyar za ta buƙata har girma, na'urar da ake sauyawa bayan 'yan shekaru, gwaje-gwaje, koyon magana, taimako a makaranta. Kamfanin naman ya kawo sakamakon gwajin masana'antarsa da na dunƙulen da ba a buɗe ba, ba a samu komai ba, sai nauyin ya koma kan kantin da kamfanin inshorarsa.

Ba mu kai ga zaman kotu ba, kuma yawancin irin wannan ƙara ba ta kaiwa. A 2025 aka kira sulhu a gaban wani tsohon alƙali da ya koma shiga tsakani. Mu a ɗaki ɗaya, su a wani, shi yana kai-komo da lambobi kamar dillalin shanu a kasuwar Wudil, sai dai babu musafaha a ƙarƙashin riga. Tayinsu na farko da na ji, na miƙe na ɗauki jakata. Abban Hanif, wanda da farko bai so ƙarar ba, shi ya riƙe mini hannu ya ce, “Zauna, Maman Hanif, ai ciniki yanzu aka fara.” Tun tara na safe sai bayan magariba aka daidaita. Ba zan iya faɗin adadin ba, na sa hannu a kan haka, kuma takardar ta ce ba su amsa laifi ba. Wannan layin ya tsaya mini a wuya. Na tambayi mai shiga tsakanin ko wani daga cikinsu zai shigo ya ce mana ku yi haƙuri. Ya dube ni da tausayi ya ce ba a saba ba.

Kuɗin da aka ambata a ɗakin ba shi ne ke zuwa hannu ba. Lauya ya cire kasonsa, aka cire kuɗin ƙwararru da na buga bayanai. Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati da ta biya mana asibiti, ta zo da nata lissafin tana neman a mayar mata daga ciki, lauya ya yi wata biyu yana ciniki da su kafin su rage. Kason Safiyya kuma ba ya tabbata sai alƙali ya amince, don a jihar nan uwa da uba ba su da ikon rufe ƙarar yaro su kaɗai. Sai a wannan ranar na taka cikin kotun da aka shekara biyu ana ambaton sunana a cikinta. Alƙaliyar ta karanta rahoton likita, ta duba kason lauya, ta tambaye ni ko na fahimci cewa in na yarda ba dawowa, ko da jin yarinyar ya ƙara raguwa nan gaba. Na ce na fahimta. Ta ba da umarni a ajiye kuɗin a banki da sunan Safiyya, ba mai taɓawa sai ta cika 18, in kuma wata larura ta taso sai mun dawo mun nemi izinin kotu.

Asusun mai kuɗin ruwa ne, haka umarnin ya ce, ba mu da zaɓi. Muka koma wurin Malam, ya ce a riƙa rubuta abin da ya hau kai duk shekara, in ta girma a nuna mata ta fitar da shi. Abban Hanif ya sayi ƙaramin littafi don wannan, yana cikin shuɗiyar jakar nan tare da umarnin kotu da takardar gwajin jinta na gaba, wanda za a yi a watan Sha'aban.